Gidan da Na Saya a Gangare

A shekarar da Turawa suka naɗe tabarmarsu, ni ma na ƙudura a raina cewa zaman gidan wani ya ishe ni. Lokacin ina ɗinki a kasuwar Bagudo, shekarata shida da barin Geza, kuma duk shekarun nan a ɗaki ɗaya muke, ni da matata da 'yarmu, a bayan gidan mutumin da ya koya mini keken ɗinki. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin baƙar magana daga bakinsa ba. Amma matata sai ta jira matan gida sun sauke tukunya kafin ta ɗora tata, kuma in baƙo ya zo mini daga ƙauye a gindin bishiya nake tarbarsa, don zauren ba nawa ba ne. Abin yana cina ƙwarai. Namiji da gemunsa, ana ce masa yaron wane a gaban 'yarsa.

Wuri biyu ne a gabana. Akwai tudu, can inda hanyar mota ta ratsa, inda ake yanka wa mutane fili. Babu komai a wurin sai sabara da rana, kai za ka buga tubali, kai za ka haƙa rijiya. Akwai kuma gangare, tsohuwar unguwar da ke kallon hanyar gulbi, inda fatake Dandawa suka zauna tun kaka da kakanni. A da, in jirage suka tsaya a bakin Kwara, jakuna ne ke hauro da gishiri da goro da busasshen kifi, kuma a zaurukan gangare ake sauke su. Da na zo garin unguwar ta riga ta fara mutuwa. Mota ta ɗauke rabin cinikin, zaure ɗaya a buɗe, biyu a rufe, awaki suna kwana a dakalin da attajirai suka taɓa zama. Duk mai hankali tudu yake nufa.

Ni kuwa na nufi gangare, kuma ina da dalilaina, waɗanda a lokacin nake ganin sun fi na kowa. A rumfar ɗinki babu labarin da ba ya zuwa, kuma labarin shekarar shi ne iyaka. Cewa ake yi iyakar nan da ta raba mu da Dahome, Ingila da Faransa ne suka shata ta don rabon kansu, tunda kuwa dukansu za su tafi, dole su kwashe abarsu. Mutanen can danginmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, muna auren juna. In babu Bature, wa zai tsare jirgi ya tambayi ɗan'uwansa takarda? Na lissafa cewa jirage za su dawo, gangare zai farfaɗo, a wayi gari ni ne mai gida a tsakiyar kasuwanci, masu tudu suna cizon yatsa. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane. Na gaskiyar kuwa, na ga zaure ne. Zaure mai rufin ɗaurin guga, da dakali hagu da dama, irin wanda in mutumin Geza ya shigo sai ya cire takalmi tun daga waje. Na ga kaina a ciki, shi ke nan hankalina ya tafi.

Mai gidan wani dattijo ne mai fataucin gishiri, zai koma wurin 'ya'yansa a ƙetare. Da rani ya zaga da ni, ƙasa a bushe ƙamas, katanga kamar dutse. Ɗaki uku, rijiya, bishiyar lemo. Don in saya, sai da na sayar wa yayana rabona na gonar gado, wato na toshe wa kaina hanyar komawa ƙauye da hannuna.

Kafin a shafa fatiha na aika wa kawuna, wanda gini ne sana'arsa, ya zo ya duba. Na zaci zai ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rufi. Ko ɗaki bai shiga ba. Ya tsuguna a gindin katangar sama, inda aka bar wata kafa aka jera mata duwatsu, ya daɗe yana kallonta, sannan ya bi tsakar gida har katangar ƙasa, inda wata kafar take. Wuriya ke nan, hanyar da ruwan sama ke bi ya fita. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Gida nawa ruwanga ka bi kahin shi kawo nan?"

Na ce huɗu ne a sama da ni, ɗaya a ƙasa.

"Dut da mutane ciki?"

Na ce na can ƙarshe babu kowa, amma sauran suna nan.

Ya ce, "Yau suna nan. Ɗana, gidan ƙasa ba shi tsayawa shi ɗaya. Kai ba gida kaka saye ba, maƙwabta kaka saye, kuma na ga ƙahwassu guda tana waje. Tai tudu ka buga tubalinka."

Na ji haushi. Na ce a raina tsoho ne, yana son a ba shi aikin gini. Matata ma ta sa baki, a hankali, ta ce ita dai unguwar ta yi mata shiru da yawa. Na ce da ita wadda ba ta da murhun kanta ba ta zaɓen unguwa. Har yau ina jin kunyar wannan magana, ita kuwa ba ta taɓa tuna mini ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Shekarar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kafa keke a zaure ranakun da ba kasuwa, 'yan Geza suka zo suka cire takalmi kamar yadda na hango. A nan na san maƙwabcina na ƙasa, wani tsohon matuƙin jirgi da ƙarfi ya ƙare masa, yana zaune da tsohuwarsa su biyu, suna noma 'yar shinkafa a fadamar bayan gida. Baba nake ce masa, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai ɗan tudu. Tsokana ce abincinsa. Ya ce mutumin da bai iya iyo ba ya zo ya sayi gida a hanyar ruwa, lallai Allah na son Dandawa da dariya. Ni ma in rama, in ce wanda ya shekara hamsin a kan ruwa ga shi ya ƙare da wanka a kwano. Kusan kullum tuwonmu na tsallaka katanga, kifinsu na tsallakowa.

Shi ya koya mini dokar unguwa. Kafin ruwan farko akan sa rana, duk masu gidajen shida su fito da fartanya da kwando a yashe hanyar ruwa, kowa kuma ya yaɓe fuskar katangar da ke ɓangarensa, don katanga ɗaya ce tsakanin kowane gida biyu. Wanda ya yi tafiya yakan bar mabuɗi a hannun Baba. Aikin kuma daga ƙasa ake fara shi, a hauro. Na tambaye shi dalili, tunda daga sama ruwan ke zuwa.

Ya ce, "Ɗan tudu ke nan. In ka buɗe bisa ƙasa na toshe, ina ruwan za shi? Ba a sakin ruwa sai an yi mai wurin zuwa. Kuma ba ka sakam ma na ƙasa da kai ruwa sai ka hwaɗa mai."

Mu biyar muka yi aikin a shekarar, mata suka dama fura, aka gama kafin la'asar. Damina ta zo ta wuce, ko tsagewa ban gani ba. Na aika wa kawu gaisuwa ta musamman, don dai ya ji.

Iyaka kuwa ba ta tafi ko'ina ba. Turawa suka tafi suka bar ta, namu suka gaje ta, suka riƙe ta da hannu biyu fiye da masu ita. Inda da ake ɗaga wa mutum hannu ya wuce, aka sa sanda a gicciye da mutum mai kaki. Kuɗinsu daban, namu daban, kowane buhu sai an kwance. Fatake suka ga wahalar ta yi yawa, kowa ya zaɓi ɓangare ɗaya ya zauna. Masu ƙarfi suka hau tudu kusa da tashar mota, masu dangi a ƙetare suka ƙetare. Babu wanda ya yi sallama da unguwa a fili. Sai dai a ce wane ya je gaida 'yan'uwa, wata ya wuce, wata biyu, a ga ciyawa ta fito a dakalinsa. A shekara ta biyu mu uku muka yashe hanyar ruwa, muka kwana biyu muna yi.

Na ukunmu shi ne maƙwabcina na sama, mai fataucin goro, wanda katangar tsakar gidansa ita ce bayan ɗakin da nake kwana. Shi ma bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya ƙetare. Sai dai shi bai bar mabuɗi ba. Ya bar kayan ɗakin matarsa a ciki, ya sa ƙaton kwaɗo a ƙofa, ya jefa mabuɗin a aljihu. Da bazara ta matso muka je wurin mai unguwa, ni da Baba, muka nemi a buɗe mana mu yashe. Ya ce shi ba ya fasa ƙofar mutum a bayan idonsa, in cokali ya ɓace wa zai amsa? A samo izinin mai gida.

Na rufe keke na bi sawunsa. Yini guda a jirgi, rabin yini a ƙasa, da tsayuwa a gaban wani yaro mai kaki da ya tambaye ni me zan je yi a ƙasarsu, da Hausar da ta fi tawa kyau. Na sami mai goron a sabuwar rumfarsa, ya yi ƙiba. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo abinci, ya cika mini aljihu da goro. Da na kawo maganar mabuɗi sai fuskarsa ta canja.

"Haba tela, ai ina nan tahe. Kahin ruwa shi sauka ina gida, in sha Allahu. Ni da kaina za ni yashe abina."

Na ce to ko saƙo ya ba ni zuwa ga mai unguwa. Ya ce saƙon me, shi da zai zo? Na gane ba ya son talaka ya ga kwanukan matarsa, shi ke nan. Na dawo da goro. Bai zo ba, kuma na san tun a rumfar ba zai zo ba.

Muka yashe abin da muka iya, ni da tsoho, muka tsallake gidan mai goro. Na yaɓe fuskata ta katangar, tasa fuskar tana can tana zubewa ba mai gani. Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin hadari ba. Manomin Geza ne ni, an haife ni ina murna da ruwa, sai ga shi in gabas ta yi baƙi ina gindin katanga ina dubawa tun kafin ƙasa ta jiƙe. In gidan nan ya faɗi ba ni da gona, ba ni da fili, sai dai in koma bayan gidan maigidana in roƙi ɗakin da na fita daga ciki ina taƙama.

A tsakiyar damina aka yi marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Rana ta uku bayan azahar ina zaure, matata ta leƙo ta ce in zo in gani. Bangon ɗakinmu ya yi baƙi daga ƙasa har ƙugu, yana tsatsafo, kuma wuriyar sama ko ɗigo ba ta fitarwa. Na jingina tsani na leƙa gidan mai goro. Tsakar gidan ta zama tafki. Madafinsa ya rushe ya toshe bakin wuriya, ruwan gida huɗu ya taru ya jingina da bangona, ga kwanukan da ake ɓoyo suna yawo a kai. Na ga ƙasar katangar tana narkewa tana faɗawa ciki gutsure gutsure.

Na sauko na ɗauki diga. Matata ta riƙe mini riga.

"Malam, kira Baba tukuna."

Na ce babu lokaci.

Shekaru da yawa haka nake ba da labarin, cewa babu lokaci, na ruɗe, na manta. Ƙarya nake yi. Ban manta ba. Ina kan tsani na tuna dokar sarai, har muryarsa na ji. Abin da na lissafa shi ne, in na kira shi zai ce in dakata ya shirya, tsoho ne, kafin ya nemo sandarsa ya tashi tsohuwarsa bangona ya tafi. Na auna ɗakina da nasa, na zaɓi nawa. Tsawon wannan tunani bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, amma tunani ne, da hankalina na yi shi.

Na dira cikin ruwa har cinya, na yi ta sara. Ban tsaya ga buɗe wuriyar ba, sai da na faɗaɗa ta yadda jaki zai iya wucewa. Ruwan ya fita gaba ɗaya, da itace da bunu da duk tarkacen madafin, ya ratsa tsakar gidana ya daki katangar ƙasa. Wuriyar can ƙarama ce, daidai ruwan da aka saba. Tarkacen ya toshe ta nan take. Ina tsaye ina kallo ruwan ya hau, katangar ta yi ciki, sannan ta kwanta cikin gidan Baba, a kan rumbunsa. Na ji tsohuwa tana salati.

Babu wanda ya mutu, kuma an yi ta maimaita mini wannan kamar wani abin yabo. Rumbun ya fashe, shinkafar da za ta kai su girbi ta bi ruwa zuwa fadamar da ta fito. Ɗakinsu ya sha ruwa ta gindi, kafin magariba ya durƙusa. Na same su a zaurensu, tsohuwa ta rungume ƙullin tufafi, shi yana zaune a kan turmi, laka har gwiwa. Na fara magana, ya ɗaga mini hannu. Bangona kuwa ya tsaya. Da rana ta fito kwana biyu ya bushe, sai ɗan tabo.

Na jira a kai ni gaban alƙali, har na so a kai ni. Ba a kai ni ba. Mai unguwa, wanda ya hana mu buɗe ƙofa, ya zo ya duba ya ce ƙaddara ce. A kasuwa aka ce iya ruwa fid da kai, kowa ne haka zai yi. Mutum ɗaya ne ya kawo ƙara, mai goro, wanda ya aiko daga ƙetare yana tambayar da izinin wa na shiga gidansa, kuma ina kwanukan matarsa.

Na aika wa kawu, ya zo da kayan aikinsa, ko kallon na gaya maka bai yi mini ba. Muka je wurin Baba na ce za mu tayar masa da ɗaki da rumbu, abincinsu kuma daga tukunyata har girbi. Ya saurara har na gama. Ya ce ya gode, amma 'yarsu da ke aure a Lafagu ta aiko, gobe za a zo da jakuna. Na ce don Allah ya bari, shekara nawa yana unguwar nan. Ya ce ai shi ya sa.

Da safe na taya su ɗaure kaya, kayan da jaki biyu suka ɗauke har da sauran wuri. Matata da tsohuwa suna kuka a tsakar gida. Da zai fita ya kama hannuna ya ja ni bayan gidan, inda ɗakin ya faɗi, ya nuna mini wata ƙofar kara a katangar da ke kallon fadama, an tokare ta da itace. Ban taɓa lura da ita ba.

Ya ce, "Wagga ubana yay yi ta, don rana irin waccan. In an janye iccen ga, ruwan duniya ma wucewa shikai. Tsohuwa ma tana iya janye shi."

Ya saki hannuna.

"Katanga guda at tsakaninmu, tela. Ko tari kay yi ina ji."

Ranar ce kaɗai ya kira ni tela. Ya hau jaki da ƙyar, bai waiwayo ba.

Gidan yana nan, a cikinsa nake rubuta wannan. Ni kaɗai na rage a layin, na shekara da shekaru ina yashe hanyar ruwan gida shida da hannuna, har sauran suka narke suka zama juji, ruwa ya sami hanyarsa ba sai da ni ba. Maginan zamani in sun wuce sukan tsaya su yaba ƙarkonsa, su ce na iya zaɓe. Nakan ce musu na gode. Sau biyu na shirya zuwa Lafagu, da buhun shinkafa, sau biyu ina kaiwa bakin gari in juyo, don ban san da wace fuska zan yi sallama ba. Na ce sai an kwana biyu, zuciya ta huce.

Damina biyu bayan tafiyarsu wani mutumin Lafagu ya kawo mini ɗinki a kasuwa. Ina gwada shi muna taɗi, ya ce ai tsohon matuƙin nan namu na gangare ya rasu, har an yi sadakar bakwai. Na ajiye ma'auni. Na ce ni ban ji ba, ko ba a aiko Bagudo ba ne?

Ya ce ai an aiko. Tsohon bai fita hayyacinsa ba har ƙarshe, da bakinsa ya jera maƙwabtansa na gangare ɗaya bayan ɗaya, ya ce a gaya musu su yafe masa, har da wani mai goro a ƙetaren iyaka, kuma duk wanda ya ambata an aika masa.